Amsoshin Tambayoyinku: Wane Inji Ya Fi Dacewa Da Jan Tirela?

TAMBAYA: Ni manomi ne a yankin Saminaka, ina kuma taɓa fataucin masara. Na sa an ƙera mini ƙaramar tirela mai ɗaukar buhu 20, ina so in sayi a-kori-kura da za ta riƙa jan ta zuwa kasuwar Dawanau, wani lokaci kuma Jos. Dillalai sun raba mini hankali: wannan ya ce Hilux mai fetur, wancan ya ce mai dizal, wani kuma ya ce Tundra 'yar Amurka. Wacce zan saya?

AMSA: Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Kafin mu buɗe bonet, mu fara da lissafin kaya, domin nauyi shi ke zaɓa wa mutum inji. Buhun masara kilo 100 ne, buhu 20 ke nan kilo 2,000. Ita kanta tirelar, da ƙarafunanta da tayoyinta, ba wuya ta kai kilo 600 ko 700. Ashe abin da za ka ja ya doshi kilo 2,700. Riƙe wannan adadi a ranka.

Dillalai sun fi son ambaton ƙarfin doki, amma mai jan kaya wani abu ya kamata ya fara tambaya: ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm. Shi ne ke tayar da mota daga tsaye da kaya a bayanta, shi ne kuma ke riƙe ta a kan hawa. Injin fetur kamar dokin sukuwa yake, sai ya zabura ƙarfinsa ke fitowa; injin dizal kuwa bijimin huɗa ne, tun daga takun farko yake ja.

Ga yadda abin yake a Hilux. Injin fetur mai lita 2.7, wanda ya fi yawa a hanyoyinmu, yana ba da kimanin Nm 245, kuma sai ya yi juyi wajen 4,000 a minti ɗaya kafin ya kai haka. Injin dizal mai lita 2.4 yana kai Nm 400 tun yana juyi 1,600. Babban wansa mai lita 2.8 ya fito a 2015 da Nm 450 a mai giya otomatik, aka ƙara shi zuwa 500 a 2020. Wato ya ninka na fetur, alhali ko nishi bai fara ba.

Bambancin zai bayyana gare ka ranar da ka doshi Jos. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ba ta da kauri a can, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a irin wannan tsayi. Da fetur 2.7 da kaya tan biyu da rabi, za ka tsinci kanka a giya ta biyu, ƙafa a ƙasa, inji na ihu, allurar zafi na ɗagawa sannu a hankali, warin kuloci na shigowa ta taga. Mai dizal kuwa turbo na cusa masa iska, sai ya haye hankali kwance, kuma bai sha mai kamar wancan ba.

Sai dai dizal na da nasa sharaɗi. Waɗannan sababbin injina suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙananan huda, don haka ba sa jure gurɓataccen mai. Dizal ɗin bakin hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa yana iya kashe nozul da famfon mai cikin ɗan lokaci, gyaransu kuma kuɗi ne masu yawa. Ba kowane bakanike ne ke da na'urar duba su ba. Shi kuwa fetur 2.7 kusan kowane gareji an san shi, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu. Haka nan litar dizal ta daɗe tana fin ta fetur tsada a Najeriya, ko da yake tazarar ta ragu bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Tundra mai V8 lita 5.7, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2021, ƙarfi kam ba a magana: Nm 540 da ɗoriya, wasunsu na jan fiye da tan huɗu. Amma an ƙera ta ne don manyan titunan Amurka. Tana shan fetur ƙwarai, in ta ɗauki kaya abin ya ƙaru, kayan gyaranta kuma sai manyan birane. Ribar buhu 20 ba za ta iya ciyar da ita ba.

Akwai abin da ya fi inji muhimmanci, shi ne birki. Wasu Hilux masu dizal an yarje musu jan kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar na da birkin kanta. In ba ta da shi, iyakar ita ce kilo 750 kacal. Yawancin tirelolin da masu walda ke ƙerawa ba su da birki, kuma a gangare kaya masu nauyin tan biyu da rabi za su tura motar gaba, birkinta ya yi zafi ya daina kamawa. Don Allah ka sa a yi mata birki kafin ta ɗauki buhu ko ɗaya. A wajen lodi, kaya su ɗan fi yawa a gaban tayoyin tirela, yadda kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai sauka a kan maƙalar da ta haɗa ta da mota. In suka rinjayi baya, tirela za ta fara rawa da zarar ka ƙara gudu. Kada ka cika bayan motar da buhuna sannan ka ja cikakkiyar tirela, domin nauyin duka a haɗe ake lissafa shi. A sauka gangare da ƙaramar giya, a kuma kula da lagireto da man giyabos.

Shawarata ke nan, Malam: tunda buhu 20 za ka riƙa ja a kai a kai, har da hawan Jos, nemi Hilux dizal 2.8, ko 2.4 in aljihu bai kai ba, muddin kana da gidan mai da ka amince da shi da bakaniken da ya san injin. In babu waɗannan biyu, sayi fetur 2.7, ka rage lodi zuwa buhu goma, ka yi sawu biyu. Kowacce ka zaɓa, duba littafinta ka ga iyakar nauyin da aka yarje mata, domin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, sannan ka je da bakanikenka ya gwada ta kafin ka biya. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo kasuwa mai albarka.