Darasi: Ƙuri'ar mace da ƙuri'ar namiji

'Yan'uwa, kafin ku fara wannan darasi, ku tambayi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a cikinku, yaushe ta fara jefa ƙuri'a. Amsarta za ta ba matasa mamaki.

A zaɓen tarayya na watan Disamba 1959, wanda ya kawo gwamnatin da ta karɓi mulkin kai a 1960, matan Kudu sun yi zaɓe. A Jihar Arewa kuwa maza ne kaɗai aka yarda su yi. Dokar ba ta duba addini ko ƙabila ba. Matar Kano da ta Filato, da ta Binuwai, da ta Adamawa, da ta Kudancin Zariya, duk a gida suka zauna, ko da mace tana koyarwa a makaranta ko tana karɓar haihuwa a asibiti. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa, tsarin mulki na 1979 kuma ya tabbatar da 'yancin ga kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, da ya kai shekara 18.

Ba kyauta aka ba su ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano tun tana yarinya, ta riƙa bin gidaje tana faɗa wa mata cewa suna da bakin magana a kan yadda ake mulkinsu. Ta sha duka, an kai ta kurkuku sau da yawa, ba ta daina ba. Ta rasu a 2001, kuma babban asibiti a Zariya yana ɗauke da sunanta. A wasu ƙasashe ma an daɗe ana jayayya. Matan Amurka sun samu a 1920, na Ingila suka yi daidai da maza a 1928, na Suwizalan kuwa sai 1971.

To, me muka yi da abin da aka sha wuya a kansa? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. A Majalisar Dattawa mai kujeru 109, matan da suka ci zaɓe a shekarar ba su kai biyar ba.

Mun san abin da ake faɗa a ƙauye: “Ko na je ko ban je ba, sun riga sun rubuta.” Akwai dalilin wannan magana, don maguɗi ba sabon abu ba ne. Amma rumfar da mutane ƙalilan suka zo ita ta fi sauƙin murɗewa. Inda jama'a suka fito da yawa, suka tsaya har aka ƙidaya ƙuri'u a gabansu aka faɗi sakamako, mai son canza lamba yakan sha wuya.

Waɗansu kuma suna ganin zaɓe harkar 'yan birni ce. Bari mu duba gona da asibiti. Masana a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suna fitar da irin masara da dawa da wake mai saurin nuna. Amma ko za a ba su kuɗin bincike, ko za a ɗauki malaman gona da za su kawo irin har ƙauyenmu, waɗanda muka zaɓa ne suke yanke wannan a cikin kasafin kuɗi. Haka allurar rigakafi. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a waɗansu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, kuma sai a 2020 aka shaida cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Likita ya san magani, amma ba shi ke sa hannu a kan kuɗin ba. Wa ke goyon yaro zuwa ɗakin shan magani ya tarar ba kowa? Wa ke tafiya rafi idan famfon burtsatse ya lalace? Mace ce. Saboda haka ita ya kamata ta fara yi wa ɗan takara tambaya.

Ga wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. A gidaje da yawa maigida ne ke tara katunan zaɓe, ya kuma faɗa wa kowa inda zai dangwala. Shawara tsakanin miji da mata abu ne mai kyau. Amma kati na mai shi ne, kuma a wurin dangwalawa ba mai ikon leƙa takardar wani. Mai raba atamfa da sabulu da magi ana gobe zaɓe ma, bai san abin da kika dangwala ba. Saye da sayar da ƙuri'a laifi ne a doka.

Kada a manta da kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Su ne mafi kusa da mu, kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensu, ba ta tarayya ba, don haka ranarsa dabam take.

Idan kun taru, a Zumuntar Mata ko a ƙungiyar matasa, ku tattauna a kan waɗannan. Mata nawa ne a cikinku suke da katin zaɓe a hannunsu yanzu? Me ya hana sauran: nisan wurin rajista ne, ko aikin gona, ko tsoron rikici? Waɗanne buƙatu biyu ne za ku sa a gaban duk ɗan takarar da ya zo? Ku sa mutum ɗaya ya rubuta amsar da kowane ɗan takara ya bayar, da ranar da ya faɗa, a ajiye takardar wurin magatakarda.