HAƘƘIN DABBAR GIDA IDAN TA TSUFA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi dabbar da ta tsufa a hannun mai ita: kyanwar da ta daina kama ɓera, da jakin da ya kasa ɗaukar mangala, da dokin da aka daina ɗaura wa sirdi ran hawan salla. Da yawa mutane na zaton ciyar da dabba ladan aikinta ne, in aiki ya ƙare ciyarwa ta ƙare. Shari'a ba ta tafi a kan haka ba.

A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, an kuma hana shi ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. In ya ƙi, alƙali ya tilasta masa ya fitar da ita daga mulkinsa. Dalilin wajabcin shi ne mallaka, mallaka kuwa ba ta faɗuwa don tsufa. Malaman Malikiyya masu sharhi sun zurfafa har suka kawo mas'alar kyanwar da ta makance a gidan mutum ta kasa fita neman abinci, suka ce ciyar da ita ya hau kan wanda ta maƙale a gidansa. A lura, ba su tambayi ko shi ya sayo ta ba.

Asalin wannan yana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wani zai ce ai shi sakinta ya yi. To, sakin dabbar da ba ta da haƙori, ba ta gani, ba ta iya gudu, ɗan'uwan tsarewa ne, domin duka biyun yunwa ce ƙarshensu. Musulmin da suka gabata sun fahimci haka. An ambata cewa Sarki Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su.

Sai dai ciyar da tsohuwar dabba yana bukatar sani. Likitocin dabbobi na lissafa kyanwa cikin tsofaffi idan ta kai shekara 11. Daga nan ciwon ƙoda yakan yawaita gare su, alamarsa kuwa yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama. Haƙora sukan ruɓe, sai a ga tana zuwa bakin kwano tana juyawa, mai gida ya ce ta ƙoshi, alhali kuwa zafi ne ya hana ta ci. A tausasa mata abinci, a ajiye ruwa mai tsabta inda za ta kai ba tare da tsalle ba, domin gaɓoɓinta sun yi tsami. Kada a ba ta ragowar miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. Babban kashedi kuma shi ne Panadol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Tausayin da babu ilmi a cikinsa ya sha yin irin wannan ɓarna.

Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30, jaki ma yakan kai haka in ya sami kulawa, ko da yake wahala ba ta cika barin jakinmu ya kai can ba. Idan aka ga doki na zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko ana ganin ƙwayar hatsi sukutum a kashinsa, haƙoran taunarsa ne suka cinye ko suka yi kaifi. A jiƙa masa dusa, a zaɓa masa harawa mai laushi, a kira malamin dabbobi ya duba bakin, a ba shi maganin tsutsar ciki, a rufa shi da dare lokacin hunturu. Karen gadi ko na kiwo kuwa, tsufa ba ya ɗauke masa allurar rigakafin ciwon hauka, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take cikin masu yin ta.

Saura mas'ala mai nauyi: idan ciwo ya ƙi jin magani, dabbar kuma tana shan azaba. Wadda ake ci, sai a yanka ta. Wadda ba a ci, kamar jaki, Shaihu Halil ya halatta a yanka ta don a hutar da ita, da sharaɗin an ɗebe tsammanin warkewarta. Wannan sharaɗi ba a gane shi da tsadar dusa ko gajiyar mai gida. Wanda ya san ciwon ne zai duba dabbar ya faɗa. Wallahu a'alamu.