Me Zan Faɗa a Taron Masu Rubuta Manhaja?

Tambaya: An ba ni minti 20 a taron ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja in yi magana kan yadda ake rainon sababbin shiga. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, minti 20 ba sa ɗaukar jawabi kan muhimmancin jagoranci, kuma duk wanda ya zo ya riga ya yarda da hakan. Nuna musu aiki.

Ɗauko gyara guda da wani ɗan koyo ya turo a GitHub, bayan ka nemi izininsa ka kuma goge sunansa. Haska shi a allo. Ka fara da irin sharhin da aka saba yi: "Wannan kuskure ne, gyara." Sannan ka nuna wanda kake so su koya: "Idan mai amfani ya bar wannan gurbi babu komai, me zai faru?" Tambayar tana sa yaron ya gano matsalar da kansa. A nan za ka daɗe, domin nan ne gundarin maganar.

Ka kuma taɓo zaman mutum biyu a kwamfuta ɗaya, inda ƙaramin ke bugawa, babban kuma ya janye nasa hannun ko da yatsunsa na ƙaiƙayi.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Yaranmu da yawa ba sa iya ce wa na gaba "ban gane ba". Faɗa wa manyan su ware lokaci kowane mako, su riƙa fara tambaya da kansu.

Ajiye hotunan abin da za ka haska a kwamfutarka tun daga gida, saboda intanet kan yanke. Minti 5 na ƙarshe kuma na masu tambaya ne.