Shirin Hunturu a Gidanmu

A darasin labarin ƙasa mun karanta cewa a Ingila da Rasha ƙanƙara ce ke rufe ƙofofin gidaje da damuna ta wuce. Mu a ƙasar Gumel Allah bai ba mu ƙanƙara ba, amma ya ba mu hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da yake Maigatari tana kan iyakar Nijar, mu da mutanen Sule Tankarkar da Gagarawa muna cikin waɗanda take fara yi wa sallama.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne abin da ya same mu a gida. Wata rana cikin Janairu ɗari ya tsananta, sai na shigar da kaskon gawayi ɗakinmu, na rufe ƙofa da taga, muka kwanta ni da ƙanena. Can cikin dare Inna ta leƙo, ta tarar yaron yana amai, ni kuwa kaina kamar zai tsage. Ta jawo mu waje tana cewa, "Kai ɗan nan, so kake ka kashe mini ku?" Daga baya malaminmu na kimiyya ya bayyana mini cewa gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yakan fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita.

Tun daga ranar muka sake tsari. Ga yadda muke yi yanzu.

Na farko, da an gama girbin gero Baba yakan duba ɗakuna, a liƙe tsagar bango, a gyara asabari, a ɗaure dangar da ta saki.

Na biyu, ran Alhamis yakan je kasuwar Maigatari ya sayo wa yara rigunan sanyi da huluna da safa, tun kafin su yi tsada. Inna kuma ta wanke barguna ta shanya.

Na uku, ba a kwana da wuta a ɗaki. A ji ɗumi a tsakar gida, nesa da zana da rumbu, babba yana kusa, sa'an nan a kashe ta da ruwa. Ciyawa a bushe take, iska kuwa ba ta da tabbas.

Na huɗu, yara ba sa wanka da asuba sai hantsi, da ruwan ɗumi, a shafa musu man kaɗanya don maganin kaushi da faso. Da safe a ba su kunu mai zafi. Randa da abinci a rufe saboda ƙura.

Na biyar, mura daban, limoniya daban. In yaro yana tari da zazzaɓi, numfashinsa yana sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa, a kai shi asibiti ran nan.

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu bar wa iyaye aikin nan su kaɗai. Mu ne manyan yaran gida, mu ne kuma muka je makaranta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya raba mu da gobara, ya sa mu ga bazara lafiya, amin.