Yadda Ake Gano Gari a Taswira da Lamba Biyu

Duk faɗin duniyar nan, lamba biyu sun isa su kai ka kowane gari. Masana sun shata wa duniya layuka, wasu a kwance, wasu a tsaye, kamar zaren masaƙa. Na kwance su ne latitud, na tsaye kuma longitud. Ga yadda ake aiki da su.

Da farko, samu lemo ya zama duniyarka. Ka zagaye cikinsa da biro daidai tsakiya. Wannan zoben shi ne ikwaita, digiri 0. Daga kansa ake ƙirgawa har digiri 90 arewa, da kuma 90 kudu. Tsakanin digiri da digiri akwai kusan kilomita 111.

Sai ka ja layi daga kan lemon zuwa gindinsa. Wannan shi ne layin Girinwic, wanda ƙasashe suka tsayar a matsayin mafari a taron Washinton na 1884. Ya bi ta Landan, ya ratsa Faransa da Aljeriya da Mali, ya faɗa teku ta garin Tema a Gana. Daga gare shi ake ƙirga digiri 180 gabas, 180 yamma.

Yanzu buɗe taswira mu nemi Kano, mai digiri 12 arewa, 8 da rabi gabas. Kullum latitud ake fara faɗa. Ɗora yatsan hagu a kan 12 a gefen taswira, ka bi layin a kwance. Ɗora na dama tsakanin 8 da 9 a sama, ka gangaro. Inda yatsun suka haɗu, nan Dala take. Kada ka yi sake da kalmar arewa ko kudu, domin in ka bi 12 kudu, cikin tekun Atilantika za ka sauka, daura da Angola.

Daga ƙarshe, lissafa lokaci. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato minti 4 ga digiri guda. Makka tana kusan digiri 40 gabas, ta ɗara Kano da wajen 31, kimanin awa biyu ke nan. Shi ya sa alhaji yakan bugo waya ana kiran azahar a Harami, iyalinsa a Kano kuwa suna walaha.