Me Ke Sa Wanda Aka Yi Wa Tiyata Rawar Ɗari?

Tambaya: Da aka fito da maiɗakina daga tiyatar haihuwa, sai na ga jikinta na ɓari, haƙora na haɗuwa, alhali garin ana zafi. Ko wani abu ya lalace ne a aikin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya raya, ya ƙara mata lafiya. Kwantar da hankalinka, wannan abu ne da ma'aikatan ɗakin tiyata suka saba gani.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37. Idan sanyi ya taso, jijiyoyin jini na fata sukan tsuke don kada ɗumin ciki ya fita. To allurar barci, da ta baya da aka fi yi wa masu haihuwa, sakin waɗannan jijiyoyi suke yi. Sai jini mai ɗumi ya kwararo zuwa hannuwa da ƙafafu, ciki ya huce. A sa'ar farko kaɗai zafin kan sauka da kamar digiri 1. Ga esi na aiki, ga ciki a buɗe, ga ruwan da ake ƙara mata mai sanyi. Da zafin ya gaza 36, likitoci sun ɗauke shi matsala. Ɓarin da ka gani, jiki ne ke ƙoƙarin maido da ɗuminsa.

Amma ba abin rainawa ba ne. Jinin da ya yi sanyi ba ya saurin daskarewa, don haka zubarsa kan ƙaru, magani ya daɗe bai saki mutum ba. Wani bincike da aka wallafa a 1996 kan mutum 200 da aka yi wa tiyatar hanji ya gano ɗinkin kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka bari da sanyi ya yi ruwa, na waɗanda aka ɗumama kuwa kashi 6 kacal. Tsofaffi da jarirai sun fi shiga hatsari. Shi ya sa asibitoci masu hali ke lulluɓa bargo mai hura iska mai ɗumi, suna kuma ɗumama ruwan ƙari.

Naku na 'yan jinya shi ne ku lulluɓe ta, ku sanar da nas. Kada a kuskura a ɗora mata gorar ruwan zafi: ƙafar da allura ba ta sake ta ba, za ta ƙone ba ta ji ba. Idan kuwa rawar ɗarin ta dawo bayan kwana biyu ko uku tare da zazzaɓi, wannan daban ne, a kira likita nan take.