ƘUDAN ZUMA MAI HUDA ITACE

Manomi da yawa sun san wani babban baƙin ƙwaro mai ƙugi wanda ya kan huda sandunan rumfa da na jinkar rumbu. Galibi in an gan shi sai a ɗauki tsintsiya a buge shi, ana cewa maɓarnaci ne. Kafin a kashe shi ya kamata a san ko wane ne, da aikin da ya ke yi wa gona.

Wannan ƙwaro ɗan'uwan ƙudan zuma ne, amma zamansu ya bambanta. Ƙudan zuma na amya suna zaune dubbai a wuri ɗaya tare da sarauniyarsu. Shi kuwa wannan ba shi da sarauniya, ba ya yin saƙa, ba ya tara zumar da mutum zai ɗiba. Ta macen ita ke neman wurinta, ta yi gidanta. Masana suna kiran irinsa Xylocopa, kuma akwai wajen iri 500 a duniya. Tsawonsa ya kan kai inci ɗaya.

Ta macen ta kan zaɓi busasshen itace mai taushi, ko gora. Da haƙoranta ta ke huda ƙofa kewayayya, faɗinta kamar rabin inci. In ta shiga kaɗan sai ta juya ta bi tsawon itacen. Ba cin itacen ta ke yi ba, shi ya sa a kan ga garinsa zube a ƙasa daidai ƙofar.

In ramin ya yi, sai ta tafi furanni ta kwaso garin fure, ta kwaɓa shi da ruwan zaƙin fure, ta yi curi a can ƙurya. A kan curin ta ke yin ƙwai guda ɗaya tak. Sa'an nan ta tauna garin itace ta yi katanga ta rufe ɗakin, ta soma wani a gabansa, har ɗakunan su jeru kamar gaɓoɓin kara. Ƙwan ya kan zama tsutsa, tsutsar ta cinye guzurin da uwar ta bar mata, ta kwanta ta rikiɗa. Bayan 'yan makonni sai cikakken ƙwaro ya fasa katangar ya fito.

Namijin shi ne mai shawagi a bakin rumfa, yana tasar wa duk abin da ya gifta. Barazana ce kawai, gama ba shi da ƙarin harbi. Ta macen tana da shi, amma ba ta kan yi harbi ba sai an damƙe ta.

Amfaninsa ga manomi a furanni ya ke. Furen tumatir da na gauta da na yalo ba su sakin garinsu sosai sai an girgiza su. Wannan ƙwaro ya kan rungumi furen ya yi ƙugi, garin ya zubo a jikinsa, ya kai wa wani fure. Ƙudan zuma na amya bai iya wannan ba. Haka kuma nauyinsa ya isa ya buɗe furen wake ya shiga. Furen da ya sami gari isasshe ya fi ɗaura 'ya'ya masu cika.

Ɓarnarsa kuwa gaskiya ce. Rami ɗaya ba ya karya sanda, amma 'ya'yan su kan komo tsohon ramin su ƙara tsawonsa shekara bayan shekara, har sandar ta yi rauni. Maganin wannan mai sauƙi ne. A shafa wa sandunan fenti, domin ba ya son itacen da aka shafe. In an tabbata babu kome a cikin tsohon rami, a cusa ɗan itace a toshe shi. Sa'an nan a bar busassun kututture a gefen gona kada a ƙone su duka, don ya sami wurin zama nesa da gida.

Mai feshin maganin ƙwari a gonar wake kuma ya lura. Da safe furen wake ke buɗewa, lokacin ne ƙwaron ke aiki a kansa. Saboda haka in feshi ya zama dole, a bari sai da yamma lis.